Neman Ɗakin Haya a Kano Kafin Fara Jami'a: Nazarin Lamarin Wani Sabon Ɗalibi daga Azare

Yaron ɗan shekara 18 ne, daga Azare ta jihar Bauchi. Sunansa ya fito a shafin JAMB cewa Jami'ar Bayero ta ba shi gurbi a sashen kimiyyar sinadarai, wato kemistiri. Mahaifinsa malamin firamare ne da ke ɗan taɓa noma. Ya sayar da buhunan gero da wake da rago ɗaya, ya ware naira 400,000 domin masauki da kayan ɗaki, ban da kuɗin rajista. Kafin mako uku ya cika, naira 60,000 daga kuɗin nan sun shiga hannun mutumin da ba shi da ikon bayar da ɗakin haya, ɗakin kuma yana ɓangaren da yaron ba shi da darasi. Daga baya an ƙwato 40,000, sauran suka bi ruwa. Duk farashin da za a gani a nan shi ne wanda aka tarar a lokacin da abin ya faru, ƙarshen damina. Kuɗin haya a Kano ba ya zama wuri ɗaya, don haka yadda aka yi lissafin ne abin ɗauka.

Jami'a ɗaya, matsuguni fiye da ɗaya

Kuskuren farko an tafka shi tun ana Azare. Wanda bai san Kano ba yakan ɗauka in an ce BUK, wato Jami'ar Bayero ta Kano, wuri ɗaya ake nufi. Makarantar ta faro ne a 1960 a matsayin Kwalejin Ahmadu Bello, ta koma Kwalejin Abdullahi Bayero a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. Tsohon matsuguninta yana daf da badala, wajen Ƙofar Dukawuya da Kabuga, gari ya riga ya kewaye shi. Sabon matsugunin yana can kan titin Gwarzo, bayan an wuce Rijiyar Zaki, kusa da Rimin Gata da Ɗanbare. Ɗaliban likitanci kuwa, idan suka kai matakin duba marasa lafiya, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya suke komawa. Shari'a da injiniyanci da aikin gona da ilimi suna sabon matsuguni, amma kemistiri da fiziks da lissafi suna tsoho.

Yaron ya ga hotunan babbar ƙofar sabuwar jami'a da ginin majalisar gudanarwa a intanet, ya ɗauka nan zai zauna. Babu wanda ya ce masa ya tambayi inda sashensa yake. Wannan tambaya ce ta minti ɗaya, kuma duk wani ɗalibin aji biyu zai amsa ta. Ya kamata ma a zarce haka, a nemi jadawalin darussan aji ɗaya na bara a ga ɗakunan da ake shiga, domin wani darasin na gama-gari ana iya yin sa a ɓangaren da ba na sashen mutum ba.

Ya nemi gado a ɗakunan kwanan jami'a bai samu ba. Ba abin mamaki ba ne: gadajen ba su kai yawan ɗalibai ba, kuma ba a ba wa mutum sai ya kammala rajista. Daga lokacin da sabon ɗalibi ya tabbatar bai samu ba zuwa ranar fara darasi, kwanakin ba su da yawa, kuma a cikinsu ne dubban irinsa suke fitowa neman ɗaki a unguwanni guda: Kabuga, Janbulo, Gadon Ƙaya, Tudun Yola, Ɗorayi, Rijiyar Zaki, Rimin Gata, Ɗanbare. Ga kuma ɗaliban sauran manyan makarantun da ke wannan yanki na yammacin gari, su ma nan suke nema. Wannan matsi shi ke sa mai hankali ya yi cinikin biri a sama.

Yadda aka karɓi kafin alƙalami

A wani zauren WhatsApp na sababbin ɗalibai wani ya sa hotuna huɗu: ɗaki mai tayil, banɗaki a ciki, fanka a sama, a Ɗanbare, naira 180,000 a shekara. Ya kira kansa dillali. Ya ce mutum uku suna layi, wanda ya fara tura kashi ɗaya cikin uku shi ke da ɗaki. Yaron ya nuna wa mahaifinsa, mahaifin ya yi magana da mutumin a waya, ya ji murya mai ladabi, ana ta "Baba, kada ka damu, ƙanena ne," sai aka tura 60,000 ta mai POS.

Alamu uku sun bayyana a wannan ciniki, ba a karanta ko ɗaya ba. An ƙi bari a yi magana da mai gidan, aka ce ya yi tafiya. Sunan da ya fito a kan asusun da aka tura wa kuɗin na shi mai tallan ne, ba na wani Alhaji ko Hajiya mai gida ba. Sannan farashin ya yi ƙasa da abin da ake bayar da irin wannan ɗaki a kusa da jami'a. Dillalin gaskiya ba ya karɓar kuɗin haya a asusunsa ya yi shiru, kai ka yake yi wurin mai gida ko wakilinsa, abinsa shi ne la'ada, wadda aka saba kashi 10 cikin 100 na kuɗin shekara. Wasu sukan nemi ɗan kuɗin gani, na man babur ko na adaidaita, kuma wannan ma a bakin ƙofar gidan ake bayarwa, ba daga wani gari ba.

Da yaron ya iso Kano ta hanyar Wudil, ya sauka a gabashin gari, ya ratsa birnin kaf zuwa Ɗorayi inda ƙanen mahaifiyarsa yake zaune, ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Washegari suka tafi Ɗanbare tare. Ɗakin yana nan, hotunan ma nasa ne. Abin da ba a faɗa ba shi ne mai tallan ɗalibi ne da ya gama karatu, shi ma haya yake, kuma wata biyar kacal suka rage a kuɗinsa. Nufinsa ya karɓi kuɗin shekara ya miƙa mukulli ya bar gari, bayan wata biyar mai gida ya zo ya tarar da baƙuwar fuska. Wani maƙwabcin ɗaki ne ya fasa ƙwan, da kawun ya tambaye shi wa ake biya haya a gidan.

Ba kowane mai irin wannan ba ne ɗan damfara. Ɗalibai da yawa sukan bar wa wani ragowar watanninsu, kuma babu laifi idan an yi abu biyu: mai gida ya sani ya amince, kuma kuɗin da aka karɓa na watannin da suka rage ne kawai. A nan babu ko ɗaya.

Kawun bai ɗaga murya ba, bai kuma fara da 'yan sanda ba. Ya nemi lambar mai gidan a wurin maƙwabcin, suka haɗu a ƙofar gidan mai unguwa bayan la'asar. Kawun ya gai da mai unguwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗan 'yar'uwata ne, baƙo ne a garin nan. Ga takardar da mai POS ya ba su, ga saƙonnin da suka yi." Wannan 'yar takarda da hotunan hirar su suka yi aiki, domin suna ɗauke da suna da adadi da rana. Mai gidan ya ce shi bai san da maganar ba, kuma ba za a fitar da ko tsinke daga ɗakin ba sai an warware. Mai tallan ya amsa cewa ya karɓa, ya ce ya riga ya taɓa kuɗin. Ya biya 25,000 a ranar, 15,000 bayan mako biyu, daga nan wayarsa ta daina shiga. Da a ce kayansa ba sa cikin ɗakin, da wuya a ga ko sisi.

Lissafin da ya nuna ɗakin ba araha ba ne

Mai gidan Ɗanbare mutumin kirki ne. Ya ce in suna so zai ba su ɗakin da kansa idan wancan ya fita, har ma ya bar musu shi a kan 180,000 ɗin saboda abin da ya faru. Yaron ya so ya karɓa. Kawun ya zaunar da shi, suka yi lissafi a bayan takardar rasit.

Daga Ɗanbare zuwa tsohon matsuguni, a adaidaita sahu, zuwa da dawowa naira 700 ne a rana a lokacin. Acaɓa na haya an hana shi a birnin Kano tun Janairun 2013, kuma tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 kuɗin adaidaita ya daina zama abin da ake mantawa da shi a kasafi. Kwana 5 a mako, mako 4 a wata, ya kama 14,000. Wata 8 na karatu, 112,000 ke nan. Akwai motocin da ke jigila tsakanin matsugunan biyu da suka fi sauƙi, amma wanda ke da darasin ƙarfe 8 na safe ko aikin ɗakin gwaje-gwaje da ke kai wa magariba ba zai dogara da layinsu kullum ba. Gidan kuma ba shi da rijiyar burtsatse, 'yan garuwa ake saya wa. Jarka mai lita 25 naira 100, mutum ɗaya yana shan jarka 2 a rana tsakanin wanka da alwala da girki da wanki, 6,000 a wata, 48,000 a wata 8. Da aka tara, ɗakin 180,000 ya zama na 340,000, ba a sa wuta ba, ba a sa lokacin da za a ɓata a hanya ba.

Wannan lissafi shi ne zuciyar lamarin, kuma shi ne abin da iyaye daga nesa suka fi tsallakewa. Kuɗin haya ana biyansa sau ɗaya, ana jin zafinsa, sai a yi ta neman ragi a kansa. Kuɗin mota da na ruwa kuwa kullum suke fita, ɗari biyu, ɗari bakwai, daga cikin kuɗin abincin yaro. Idan wata ya yi nisa, ɗalibin da ke zaune nesa ba haya yake fasa biya ba, darasi yake fasa zuwa, ko ya tsallake abincin rana. Wanda ma ya samu rancen ɗalibai na NELFUND, kuɗin kashewar da ake bayarwa 20,000 ne a wata, sai an yi rajista ake nema, don haka ba kuɗin da za a kama ɗaki da shi ba ne, kuma 14,000 na mota kaɗai ya kusa cinye shi.

Ɗakuna huɗu cikin kwana uku

Suka koma neman ɗaki a kewayen tsohon matsuguni, ta hannun wani dillali da mai shagon layin su kawun ya san gidansa da iyalinsa. Sanin inda dillali yake kwana ya fi duk wata takardar shaida da zai nuna.

Na farko a Janbulo yake, sabon gini, banɗaki da ɗan kicin a ciki, mitar kati ta ɗakin shi kaɗai, 450,000. Da la'ada 45,000 da kuɗin ajiya na ɓarna 30,000, ya kai 525,000. Babu abin kushewa a cikinsa, ya dai fi ƙarfin aljihu, ba a daɗe ba aka fito.

Na biyu ko shiga ba a yi ba. Shago ne a zauren gidan iyali, mai gidan ya leƙo ya ga yaron, ya ce shi ba ya ba wa wanda ba shi da aure. Wannan abu ne da baƙo zai yi ta karo da shi a Kano, kuma bai kamata ya ɗauke shi cin fuska ba. Gidan da ke da matan aure da 'yan mata yana da tsarinsa. Abin yi shi ne a faɗa wa dillali tun farko cewa ɗalibi ne, saurayi, don kada a yi ta ƙona kuɗin mota a banza. Ɗalibai mata kuwa lamarinsu ya fi tsauri: masu gida da yawa sai sun ga uba ko wa ko kawu ido da ido, kuma gidan da aka keɓe wa mata zalla, mai maigadi da lokacin rufe ƙofa, shi ya fi kwanciyar hankali ko da ya ɗan fi tsada.

Na uku, a wajen Gadon Ƙaya, 200,000, shi ya kusa shiga da su. An yi masa sabon fenti, yana ta ƙamshi. Kawun ya tsuguna a kusurwar da ke bayan ƙofa, ya shafa bangon da tafin hannu, ya ji sanyi. Ya ƙwanƙwasa filasta da mukullin babur ɗinsa, sai ta yi ƙarar abin da ba ya manne, wani ɓangare ya marmashe ya zubo fari kamar kanwa. Ya fito ya zagaya bayan ginin inda ba a yi fenti ba: ga layin ruwa nan a jikin bulo, baƙi-baƙi, ya kai tsayin gwiwa, ga leda da kara sun maƙale a ƙasan ƙofar maƙwabta. Daɓen ɗakin ya fi titin layin ƙasa da kusan taki ɗaya, kwatar da ke gaban gidan kuma ta cushe da yashi. Duk ruwan da aka yi a Agusta, watan da aka fi ruwa a Kano, nan yake kwana. Sabon fenti a ƙarshen damina, musamman idan rabin bango na ƙasa ya fi sheƙi, abin tambaya ne. A irin wannan ɗaki katifa takan yi fumfuna daga ƙasa, littattafai su kumbura, sauro kuma ba ya ƙarewa.

Na huɗu a Ɗorayi Ƙarama yake, gidan ɗalibai zalla mai ɗaki 7, banɗaki ɗaya ga kowane ɗaki 3, ɗaya ɗakin na mai kula da gida. Kuɗinsa 260,000, tafiyar minti 15 zuwa 20 a ƙasa zuwa makaranta. A ido bai kai na Ɗanbare kyau ba, siminti ne a ƙasa ba tayil ba. An duba shi sau biyu, kuma wannan duba biyun ya cancanci a tsaya a kansa.

Zuwan farko da azahar aka yi, lokacin da rana take tsaka, don a ji zafin ɗakin. Yana da silin, kuma babu tabon yoyo a jikinsa. Ɗakin kwano marar silin ba ya zaunuwa a Maris da Afrilu, bangon da ke kallon yamma kuma yakan riƙe zafi har tsakar dare. Wannan tagoginsa biyu ne, arewa da gabas, da ƙarafa da raga, sai dai ragar ɗaya ta yage. An sa caja a kowace soket, biyu suna aiki, ɗaya ta ƙone. An zuba bokitin ruwa a banɗaki aka tsaya aka ga ya wuce bai taru ba. An tambayi yaushe aka kwashe shadda da wanda ya biya. An gwada kiran waya da buɗe intanet a cikin ɗakin da ƙofa a rufe, da layi biyu, domin ɗalibin yanzu rajista da sakamako da rabin karatunsa a waya suke. An duba ƙofar: ta ƙarfe ce, amma maƙalar kwaɗon da ƙusoshi aka kafa ta daga waje, wadda duk mai sukundireba zai kwance cikin minti biyu. Aka sa a jerin abin da za a gyara, a yi mata walda.

Ruwa: akwai burtsatse da tanki mai lita 2,000 a sama. Amma burtsatse ba ruwa ba ne sai an samu wutar da za ta tura shi. Mutum 14 a gida, kowa lita 50 a rana, lita 700 ke nan, wato tankin ba zai cika kwana 3 ba idan wuta ta ɗauke. Kawun bai tambayi mai gida ba, ɗan garuwan layin ya tambaya sau nawa yake kai ruwa gidan. Ya ce sai in an yi kwanaki babu wuta, ko kuma da bazara. Wannan amsa ta fi ta kowa gaskiya, domin shi ba shi da ɗakin da yake son bayarwa.

Wuta: mita ɗaya ce ta kati ga gidan duka, ana karo-karo. A nan rigimar gidajen ɗalibai take. Mai fanka da ƙwan fitila ɗaya yana biya daidai da mai hita da dutsen guga da murhun lantarki, kati ya ƙare cikin mako, a fara zargin juna. An tarar gidan suna da ƙa'ida a rubuce a jikin bango cewa babu girki da wutar lantarki, mai firji kuma yana ƙara wani abu. An kuma tambayi rukunin da kamfanin wuta ya sa layin wutar gidan, domin tun Afrilun 2024 masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, suke biyan sama da naira 200 a kan kowane yunit, sauran rukunai kuma ƙasa da haka sosai. Gidan ba ya rukunin A. Sai aka nemi rasit ɗin katin da aka saya na ƙarshe, a nan aka ga ana cire wani abu daga kowane saye saboda tsohon bashi da ke kan asusun gidan, ragowarsa 38,000. Bashin waɗanda suka tashi ne, amma da yake a kan lambar mitar yake, wanda ya sayi kati yau shi ke biya.

Zuwa na biyu bayan sallar isha'i aka yi. Da rana kowane layi lafiya lau yake. Da dare ne ake ganin ko akwai haske, ko akwai majalisar dattawa a ƙofar gida ko kuwa ta matasan da ba a gane musu ba, ko akwai injin niƙa ko gidan kallon ƙwallo a jikin bango. Ƙwacen waya matsala ce da kowa ya sani a Kano, kuma ɗalibin da ke dawowa daga karatun dare a ƙasa shi ne aka fi hari. Sun bi hanyar da yaron zai riƙa bi tun daga titi har ƙofar gida, suka zauna wurin mai shayi suka sha, suka ji cewa akwai 'yan sintiri, kowane ɗaki yana ba da 500 a wata. Akwai wani lungu da ke rage tafiya da minti biyar, mai shayin ya ce kada a bi shi bayan ƙarfe 9.

Biyan kuɗi da takarda

Tun da 260,000 ya yi wa mutum ɗaya nauyi, aka nemi abokin zama. An samu wani ɗan aji ɗaya daga Gumel da ke karatun lissafi, iyayen biyu suka yi magana a waya. Mai gidan ya amince da mutum biyu, ya ce ban da na uku. Wannan sharaɗi yana da dalili: ɗakin mutum biyu yakan zama na biyar kafin zango ya raba, shadda ta cika da wuri, ruwa ya kasa.

An biya a gidan mai gidan, a gaban dillali da kawun da limamin masallacin layin. An tura kuɗin ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mai gidan, sunan da maƙwabta da mai unguwa suka tabbatar. Da aka zo maganar takarda sai dattijon ya ce, "Haba Alhaji, ai mu nan amana muke yi." Kawun ya ce, "Gaskiya ne Baba, ba don rashin yarda ba. Rai ne ba shi da tabbas, kuma yaran nan iyayensu suna nesa." Aka kawo takarda.

Shafi ɗaya ce, da Hausa. An rubuta sunayen yaran biyu duka, ba na ɗaya ba, domin in sunan mutum ɗaya ne a takarda, ran da suka saɓa ɗayan ba shi da ta cewa. An rubuta lambar ɗaki, adadin kuɗi, ranar shiga da ranar ƙarewa. Ranar shiga an ɗauke ta daga ranar karɓar mukulli bayan an gama gyara, ba ranar biya ba, wanda ya ba su ƙarin kwana 9. An rubuta cewa mai gida zai sauya raga da soket, ya yi waldar ƙofa, ya biya bashin mita 38,000. Gyaran rufi da kwashe shadda da gyaran injin burtsatse nasa ne, ƙwan fitila da kan famfo da kwaɗo na masu haya. Kuɗin ajiya 20,000 za a mayar idan an fita babu ɓarna, kuma an ɗauki hoton bango da ƙasa da ƙofa a ranar, aka tura wa mai gidan ta waya don kada a yi musu daga baya. In zai ƙara kuɗi ko yana son ɗakinsa, zai sanar wata 3 kafin wa'adi. Kowa ya sa hannu, aka yi kwafi uku. Da yamma kawun ya kai yaran wurin mai unguwa ya gabatar da su, ya ce shi ne mai tsaya musu.

Akwai abin da takarda ba ta iya magancewa ba. Shekarar haya wata 12 ce a jere, shekarar karatu kuwa tana iya tsayawa. A 2022 yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, ya ɗauki wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ɗalibai suna gida kuɗin hayarsu yana ƙonewa. Kawun ya nemi a sa sharaɗin ragi idan irin haka ta faru, mai gidan ya ƙi, ya ce shi ba shi ya rufe makaranta ba. Ba a ja ba, don yana da gaskiyarsa.

Rabon yaron ya tashi 130,000 na haya, 13,000 na la'ada, 10,000 na ajiya, jimla 153,000. Kayan ɗaki sun ci kusan 110,000: katifa, ledar ƙasa, labule, gidan sauro, ƙaramar tukunyar gas mai kilo 3, fitilar caji, tukwane biyu, kwaɗo mai kyau. Bokitai da buta da babbar robar ajiye ruwa mai lita 100 a kasuwar Ƙofar Wambai aka saya, tebur da kujera kuma a hannun wani ɗalibi mai fita, rabin kuɗi. Zirga-zirga da kuɗin gani sun ci 25,000, ga 20,000 da suka salwanta a Ɗanbare. Abin da ya rage daga 400,000 ɗin shi ne 92,000, aka bar su a hannun kawun yana ba shi na wuta da sintiri da gas wata-wata.

Abin da ya biyo baya

A watan Afrilu injin burtsatsen ya ƙone. Ruwan ƙasa ya ja baya, wani ya kunna injin ya bar shi yana jan iska har ya yi zafi. Mai kula da gida ya zagaya yana cewa kowane ɗaki ya kawo 12,000. Ɗakuna biyar suka biya, domin babu abin da za su nuna. Yaran biyu suka kai takardarsu wurin mai gidan cikin ladabi, ya karanta, ya ce ba sai sun biya ba. Gyaran ya ɗauki kwana 11, kuma a tsakani jarka ta koma naira 150 saboda zafi. Robar lita 100 ɗin nan ce ta sa suke sayen jarka 4 a tashi ɗaya da sassafe, kafin 'yan garuwa su yi wuya.

Wa'adin hayar zai cika ne ana tsakiyar jarrabawar zango na biyu, lokacin da ba a iya neman ɗaki ko kwashe kaya. Mai gidan ya riga ya sanar, wata 3 kafin lokaci kamar yadda aka rubuta, cewa ɗakin zai koma 300,000. Iyayen biyu sun amince, sun kuma roƙi a karɓi rabi a ranar cikar wa'adi, rabi bayan an yi girbi, ya yarda, aka ƙara layi biyu a ƙasan tsohuwar takardar, limamin ya sake sa hannu.